Babi na Biyar: Malamin da Ajinsa Gidan Tarihi Ne

“To shi wannan mutumin da ke zagayawa da yara yana nuna musu tsofaffin tukwane, aikinsa ke nan? Har albashi ake biyansa?” Duk wanda ya taɓa raka ’yan makaranta Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Jos, ko na Yamai, ya ji wannan tambaya, in ma ba daga bakinsa ta fito ba. Wasu suna ɗauka mai gadi ne da ya daɗe a wurin har ya haddace labarin kayan. Wasu kuma suna ganin ɗan rakiya ne kawai, wanda ake miƙa wa na goro idan an gama zagaye. Daga nan sai wata tambayar ta biyo baya: in har sana’a ce, a ina ake koyonta, kuma da me ake gane gwani a cikinta?

Sana’a ce, tana da ƙa’idoji da makarantu da matakan girma. A babin da ya gabata mun ga yadda kaya ke isowa gidan tarihi. Yanzu za mu ga wanda ke sa kayan su amfani mai rai.

Wa ke yin me a gidan tarihi

Manyan ayyukan gidan tarihi uku ne. Akwai mai kula da tarin kaya, wanda ya san asalin kowane abu, inda aka samo shi, shekarunsa, da lambar da aka ba shi a rajista. Akwai mai kare kayan daga lalacewa, wanda kullum yake fama da gara da tsatsa da laima. Na uku shi ne malamin gidan tarihi, wanda a takardun gwamnati ake kira jami’in ilimi. Biyun farko kaya suka sa a gaba, shi kuwa mutane ya sa a gaba.

Aikinsa ya yi kama da na dillali a kara. Mai saniya ya san dabbarsa, mai saye ya san aljihunsa da buƙatarsa, amma sau da yawa ciniki ba ya faɗawa sai da wanda ya san ɓangarorin biyu. Dillalin da ya san shanu bai san mutane ba zai wuni bai sayar ba, wanda kuma ya iya baki bai san dabba ba wata rana zai haɗa wani da asara. Malamin gidan tarihi ma dole ya san kayan sosai don kada ya shara ƙarya, ya kuma san baƙonsa don kada maganarsa ta wuce ta saman kansa.

A Najeriya, gidajen tarihi na tarayya suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta shekarar 1979 ta kafa, kuma tana da sashe na musamman mai kula da ilimantarwa da horarwa. Jihohi ma suna da nasu, kamar Hukumar Tarihi da Al’adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Sakan ashirin da bakwai

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma sai in an tsaya an duba. A shekarar 2001 wasu masu bincike biyu, Jeffrey Smith da Lisa Smith, suka wallafa sakamakon wani nazari da suka yi a babban gidan zane-zane na Metropolitan da ke birnin New York a Amurka. Sun riƙe agogo suna auna tsawon lokacin da baƙi ke tsayawa gaban shahararrun zane-zane. Matsakaicin lokacin wajen sakan 27 ne kawai. Mutum ya biya kuɗin mota, ya bi layi, ya iso gaban abin da duniya ke magana a kai, amma ko rabin minti bai cika ba ya yi gaba.

Wanda ya ga yadda ajin yara sittin ke ratsa ɗakin nuni a garuruwanmu ya san labarin bai bambanta ba. Na gaba suna sauri, na baya suna turereniya, malamin aji yana daga ƙarshe yana cewa “kar wanda ya taɓa komai.” Kafin minti ashirin an fito, an ɗauki hoto a bakin ƙofa, an hau mota. Ka tambayi yaro me ya gani, ya ce maka “kayan da.”

Babban aikin malamin gidan tarihi shi ne ya tsayar da wannan gudu. Ya sa ido ya zauna a kan abu guda har tambaya ta taso a zuciyar mai kallo. Duk sauran dabarun sana’ar daga nan suka tsiro.

Darasi da rigar sulke

Mu ɗauki misali da Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Cikin kayan yaƙin da irin wannan gida ke nunawa akwai sulke da kwalkwali da lifidi. A ce an kawo ’yan aji biyar na firamare.

Sabon ma’aikaci zai tsaya gaban rigar ya ce: wannan sulke ne, mayaƙa ke sa shi, an yi shi da ƙarfe, mu je gaba. Bai faɗi ƙarya ba, amma bai koyar da komai ba.

Ƙwararriyar malama kuwa za ta zaunar da yaran a ƙasa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Ku duba da kyau. Da me aka yi rigar nan?”

“Da waya, Malama.”

“Me ka gani da ya sa ka ce waya?”

“Zobba ne ƙanana, an sarƙa su.”

“Madalla. To wa zai ƙirga min zobban da ke cikin wuri mai faɗin tafin hannunsa?”

Nan take wuyoyi za su miƙe. Wani zai ce talatin, wata ta ce sun fi haka. Sai malamar ta tambaya: idan tafin hannu ɗaya ya ci wannan adadi, rigar duka fa? Maƙeri nawa, wata nawa? Wanda ya mallaki irin wannan riga talaka ne ko mai hali? Kuma a zafin bazarar Kano, me mutum zai sa a ƙarƙashinta don kada ƙarfe ya gasa shi? Yaran da kansu za su iso ga amsar cewa sulke kayan manya ne, mai tsada, kuma ba kowane mayaƙi ke samunsa ba. A lokacin ne malamar za ta ba su abin da ido ba zai iya ganowa ba: tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Za ta ƙara da cewa yawancin irin waɗannan riguna ta hanyar fatauci suka ƙetaro hamada. Daga riga guda an taɓo lissafi, an taɓo ƙira, an taɓo kasuwancin raƙuma tsakanin Kano da Arewacin Afirka.

A lura da jerin da ta bi. Ta fara da abin da ido ke gani, ta nemi hujja, sannan ta kawo bayani. Da ta fara da sunan sarki da shekara, da sun bi iska. Wannan salo na tambayar mai kallo abin da ya gani da hujjarsa ya yaɗu a duniya ta hannun Abigail Housen da Philip Yenawine, waɗanda suka tsara shi a Amurka don koyar da kallon zane. Tun kafin su, a 1957, Freeman Tilden ya rubuta littafi don masu yi wa baƙi bayani a gandun daji da wuraren tarihi, inda ya nuna cewa bayanin da bai haɗu da rayuwar mai sauraro ba aikin banza ne. Shi ya sa malamar za ta tambayi yaran ko akwai ɗan gidan maƙera a cikinsu, ko wanda ya taɓa ganin ’yan sulke da ’yan lifidi a hawan Sallah.

Wani abu kuma: gwani ba ya ƙoƙarin nuna komai. Cikin awa guda, abu biyar ko shida sun isa. Yaron da ya fita da abu biyar a kansa, da sha’awar dawowa, ya fi wanda aka zagaya da shi ɗakuna goma ya fita fanko.

Aikin da baƙo ba ya gani

Zagayawa da baƙi ƙaramin kaso ne na aikin. Kafin motar makaranta ta iso, malamin da ya san abin da yake yi ya riga ya yi magana da malamin aji. Shekarun yaran nawa? Me suke karantawa a wannan zango? Su nawa ne, don a raba su rukuni-rukuni? Yakan duba manhajar karatu ya ga inda kayan gidan suka dace da ita. Wannan ya ƙara muhimmanci a Najeriya, inda aka cire tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a firamare da ƙaramar sakandare har sama da shekara goma kafin a dawo da shi. Akwai matasan malamai da yawa da su kansu ba a koya musu tarihin garinsu ba, don haka horar da malaman aji ya zama wani ɓangare na aikin.

Sai rubutun da ake liƙawa kusa da kaya. Mai kula da tarin kaya yakan so ya zuba duk abin da ya sani. Malamin gidan tarihi shi ke ja masa birki, domin ya san mutumin da ke tsaye, ga yaro yana jan rigarsa, ba zai karanta shafi guda ba. Layi uku ko huɗu, da kalmomin da direba da ɗalibi za su gane. Sannan da wane harshe? A gidajen tarihi da yawa na ƙasar Hausa bayanan da Turanci ko Faransanci suke, alhali yawancin masu shigowa da Hausa suke tunani. Mayar da su Hausa aiki ne mai buƙatar sani, don dole a nemo sunayen da masu sana’a ke kiran kayansu: mazari da abawa a wajen masu kaɗi, allira da ƙoshiya a wajen masaƙa, uwar maƙera da zugazugi a maƙera, tubali da azara da makuba a wajen magina. Inda aka ƙara da ajami, an buɗe ƙofa ga dattawa da almajirai waɗanda boko bai ratsa su ba.

Akwai kuma kayan taɓawa. Dokar gidan tarihi ita ce kar a taɓa, saboda gumi da maiƙon hannu suna cin ƙarfe da fata da tufa. Amma yaro da hannu yake koyo, makaho kuma da hannu yake gani. Mafita ita ce a tanadi kwafi: a sa maƙeri ya sarƙa guntun sulke, a sayo akushi da faifai da mazari a kasuwa, a ajiye su don a ɗaga, a juya, a ji nauyi. Irin waɗannan kaya ake zubawa a akwati a kai makarantun ƙauye da ba su da kuɗin mota. Dabarar ba sabuwa ba ce. John Cotton Dana, wanda ya kafa gidan tarihi na Newark a Amurka a 1909, ya yi suna wajen ba makarantu aron kaya, don yana ganin abin da aka kulle ba a amfani da shi bai cika aikinsa ba.

“Malam, ba gumaka ba ne?”

Wannan ita ce tambayar da ke gwada ƙwarewar malamin gidan tarihi a yankinmu, kuma ba yara kaɗai ke yin ta ba. Akwai iyayen da ke hana ’ya’yansu zuwa saboda ita.

Mu koma Jos. Gidan tarihin garin, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, ya shahara da mutum-mutumin yumɓu na Nok. An fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kawo wa Fagg wani kai da aka samo a yankin Jama’a, wanda wani ma’aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura ya yi kama da na Nok, daga nan bincike ya kankama.

Malamin da bai ƙware ba, idan aka jefo masa tambayar gumaka, ko dai ya fusata ya ce jahilci ne, ko ya kame-kame ya canja magana. Duka biyun sun kori baƙo. Gwani yakan karɓi tambayar da mutunci, domin daga imani ta fito. Idan dattijo ne zai ce, “Baba, tambayarka tana kan hanya. Mu nan ba mu ajiye su don a yi musu sujada ko yanka ba. Shaida ce ta mutanen da suka zauna a ƙasar nan kafin mu.” Sai ya juya hankalinsa zuwa ga abin da shaidar ke faɗa. Ga kitso da ɗaurin gashi iri-iri, ga tsakiya a wuya da hannu, alamar mutane ne masu son ado. Ga ramukan da aka huda a ido da hanci da baki, waɗanda ke taimaka wa iska da tururi su fita lokacin gashi don kada yumɓu ya fashe, alamar sun san wuta da ƙasa. Masu bincike na Jami’ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumomin Najeriya, sun nuna cewa al’adar ta faro ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun gano mutanen suna noman gero da wake, kuma a 2021 aka wallafa binciken da ya gano alamun kakin zuma a jikin tukwanensu. A Taruga kuma an tono matoyar ƙarfe da ke cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma.

Dattijon da ya shigo yana ganin gunki zai iya fita yana tunanin manomin gero mai shan zuma, wanda ya rayu shekara dubu uku da suka wuce. Ba a taɓa aƙidarsa ba, an dai ƙara masa sani. Malamin zai iya tuna masa cewa malaman addini kansu suna kwaɗaitar da duba labarin al’ummun da suka shuɗe don ɗaukar darasi, kuma a Alƙahira, birnin Azhar, gidan kayan Fir’aunoni na dandalin Tahrir yana buɗe tun 1902. In kuma baƙon ya ce shi dai ba zai shiga ɗakin ba, ba a ja da shi. Sai a kai shi wajen rubuce-rubucen hannu ko gine-ginen gargajiya.

Irin wannan taka-tsantsan ake buƙata wajen maganar bauta, da yaƙe-yaƙen jihadi, da zuwan Turawa a 1903. A aji guda za a iya samun jikan wanda ya ci yaƙi da jikan wanda aka ci. Malami ba zai ɓoye abin da ya faru ba, kuma ba zai bari wani yaro ya fita da kunya wani da girman kai ba. Haka nan dole ya bambance wa baƙo abin da aka tono aka auna da abin da aka gada a baka. A rijiyar Kusugu ta Daura, alal misali, zai ba da labarin Bayajidda da daɗinsa, amma zai ce “haka aka ruwaito.”

Ina ake koyon aikin

A matsayin sana’a mai albashi, aikin bai daɗe sosai ba. Gidan zane-zane na Boston a Amurka ya fara sa ma’aikata na musamman su riƙa yi wa baƙi bayani a 1907, babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan kuma ya naɗa nasa na farko a 1911. A Najeriya gidan tarihi na farko shi ne na Esie, a jihar Kwara ta yau, wanda aka buɗe a 1945, na Jos kuma a 1952, na Legas a 1957.

Yawancin masu shiga aikin a yau sun karanta tarihi, ko ilimin tono kayan tarihi, ko zane, ko harsuna, ko koyarwa. Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami’ar Ibadan da ta Nsukka duk suna koyar da ilimin tono. Amma digiri rabin guzuri ne. Wanda ya karanta tarihi sai ya koyi yadda yara ke fahimta, wanda ya karanta koyarwa sai ya koyi kaya.

Jos tana da matsayi babba a wannan fanni. A 1963, da taimakon hukumar UNESCO, aka buɗe cibiyar horar da ma’aikatan gidajen tarihi a can, mai koyarwa da Turanci da Faransanci, inda ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban. Gadonta shi ne cibiyar nazarin tono da aikin gidajen tarihi da hukumar ƙasa ke gudanarwa a garin har yau. Ga masu Faransanci, kamar ma’aikatan Nijar, akwai Makarantar Gadon Afirka da aka kafa a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin a 1998. A matakin duniya akwai majalisar gidajen tarihi ta ICOM, wadda aka kafa a 1946, mai kwamiti na musamman kan ilimantarwa da ke taro duk shekara. Ita ce ta ware 18 ga Mayu a matsayin ranar gidajen tarihi ta duniya tun 1977, ranar da malaman gidan tarihi suka fi kowa gumi. A taronta na birnin Prague a 2022 ta sabunta ma’anar gidan tarihi, ta sa hannun al’umma da buɗe ƙofa ga kowa cikin sharuɗɗansa.

Makarantar da ba ta ba da takarda

Akwai ilimin da babu shi a kowace cibiya. Yana hannun marina na Ƙofar Mata, da dukawa, da masaƙa, da makaɗan fada, da tsofaffin mata masu kaɗi. Rajista za ta gaya maka sunan abu da shekarar da aka karɓe shi. Ba za ta gaya maka yadda marini ke gane baba ya nuna ba, ko dalilin da ya sa ba a busa kakaki ga kowa. Malamin da ke son ya yi nisa sai ya cire takalmi ya zauna gaban waɗannan mutane.

“Baba, wannan guduma me ake kiranta a wajenku?”

“Ɗan nan, ai ba guduma ba ce, masaba ce. Kawo hannunka ka ji.”

Minti goma na irin wannan zama yana gyara kuskuren da ya shekara a jikin allon bayani.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya gina kansa a kan wannan tunani tun farko. Shugabansa na farko, Pablo Toucet, ya shigo da masu sana’a cikin harabar. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban baƙi suna sayar da abin da suka yi, ga gidan namun daji, ga samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, ga kuma cibiyar koya wa yara sana’a. A Jos ma akwai fili da aka gina kwafin manyan gine-ginen gargajiya, har da wani yanki na ganuwar Kano da masallacin Juma’a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina asalinsa a ƙarni na 19. Malamin da ke koyarwa a ƙarƙashin bakan gizon wannan masallaci, in bai taɓa zama da magini ba, ba zai iya amsa yaron da ya tambayi abin da ya hana rufin faɗowa ba.

Da me ake gane an ci gaba

A aikin gwamnati ana hawa mataki-mataki, daga ƙaramin jami’in ilimi har shugaban sashe, wasu har su riƙe gidan tarihi sukutum. Amma ƙarin girma daban, ƙwarewa daban. Haɗarin sana’ar shi ne hadda: mutum ya maimaita zance guda, da barkwanci guda, a gaban abu guda, har ya yi ritaya.

Masu kishin aikin suna da hanyoyin kauce wa wannan. Sukan sa abokin aiki ya bi su zagaye ya lura da wanda ya fi yin magana, su ko yaran. Sukan ajiye littafi suna rubuta tambayoyin da baƙi suka yi, musamman waɗanda suka gagare su, su je su bincika. Sukan roƙi yara su zana abu guda da suka tuna kafin su hau mota, su kuma tuntuɓi malamin aji bayan mako biyu su ji abin da ya zauna. Yawan kawunan da suka shigo ta ƙofa shi ofis ke nema a rahoto, amma ba ya nuna ko an koyi wani abu.

Zamani ma ya kawo nasa darasin. Wayar hannu ta sa malami zai iya ɗaukar bidiyon minti biyu da Hausa kan abu guda, ya kai ga dubban da ba za su taɓa zuwa ba. Rediyo kuwa har gobe babu kamarsa a karkara. Matsalolin aikin sanannu ne: ƙarancin kuɗi, rashin wuta, rashin motar kai kaya makarantu, ga fargabar tsaro da ta rage tafiye-tafiyen ɗalibai a wurare da dama. Wannan ya sa iya rubuta takardar neman tallafi da iya haɗa kai da makarantu da fada da ƙungiyoyin unguwa suka shiga cikin abin da ake buƙata ga mai son ya daɗe a fagen.

Abin da ke rataye a wuyansa

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Labari ya kai ga hukuma. Da aka tono aka auna, sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita takwas da ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da an faskara shi an hura wuta, babu wanda zai san an yi asara.

A wasu wuraren abin bai zo da sa’a haka ba. Masu haƙar sata sun farfasa wuraren Nok da na yankin Katsina da Sakkwato da Bura ta Nijar, suka sayar wa dillalan ƙetare, har ICOM ta sa waɗannan kaya cikin jerin gargaɗi da ta fitar a shekarar 2000. Doka ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma babu ɗan sandan da zai tsare kowace gona. Mai tsaron na gaskiya shi ne manomin da garmarsa ta tono wani abu, kuma shawarar da zai yanke a ranar ta dogara da abin da ya sani. Idan yana yaro wani ya taɓa zaunar da shi gaban tsohuwar tukunya ya sa shi ya duba har ya yi tambaya, akwai fatan zai nufi hukuma maimakon kasuwa. Amsar tambayar albashin da muka fara da ita ke nan.

Sai dai malami ba zai koyar da abin da gara ta cinye ba. A babi na gaba za mu shiga ɗakin ajiya, inda baƙo ba ya zuwa, mu ga yadda ake kare tufa da fata da takarda da ƙarfe daga ƙurar hunturu da laimar damina, da abin da ya sa ajiye kwalekwalen Dufuna bayan fito da shi ya fi tono shi wuya.